Layi Biyun Da Na Goge

Ina da 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, babbar cikinsu har ta fara ɗora tukunya. Matan layinmu a unguwar Sabo ta Ibadan sun sha dariya, wai sai da rana ta take zan fita neman raɓa. Ban tanka musu ba, don ba su ne za su karanta min takardar asibiti ba. Ajami na iya shi tun a gidan ubana, boko ne ya rage, na kuwa kama shi kamar mai ramuwar azumi. Daga karatu na koyi buga tafireta, daga tafireta na samu aiki a wani shagon buga takardu a Mokola. Malam, maigidana, ya yi kwana uku bai ce e ba bai ce a'a ba. A na huɗu ya ce in dai zan riƙa dawowa kafin magariba, in je.

Mai shagon Bayarabiya ce, kowa Madam yake ce mata. Ta yi shekaru a ɗakin kwamfuta na wata babbar makaranta kafin ta gaji da yajin aiki ta buɗe nata wurin. Kwamfuta biyu gare ta, da firinta mai ƙara kamar injin markaɗe, da layin tarho guda. Yarbanci muke yi da ita, in ranta ya ɓaci ta koma Turancin buroka. Ita ta lura ba na iya barin abu ya wuce ban tambaya ba.

"Iya Sabo, tambayarki ta fi aikinki yawa," ta ce min wata rana; sunan da take kirana ke nan, wato uwar Sabo. "Ja kujera in nuna miki, ko kunnena ya huta."

Haka na fara koyon rubuta wa inji umarni, a tsakanin takardun haya da na neman aiki, duk sanda akwai wuta kuma babu mai jira. Shekara uku ina wannan. Abin da mutum ya rubuta, inji ba ya gane shi kai tsaye, sai ya bi ta hannun wani tafinta da ke cikin kwamfutar, kompaila ake ce masa. Tafintan nan iri biyu yake magana. In kuskure babba ne sai ya tsaya cak, ya ƙi fassarawa. In kuwa abu ne da bai kwanta masa a rai ba, zai fassara, amma ya bar maka gargaɗi: layi kaza, duba da kyau. Masu aikin da yawa ba sa dubawa. Abin ya tashi, shi ke nan.

Zamanin soja ne, ƙarshe-ƙarshensa, lokacin da ya fi muni. Mai jarida yana ɓoye wasu a ƙarƙashin tebur, sai ya kalli fuskarka kafin ya zaro. Mutum zai fita sayen burodi a neme shi a rasa. Wasiƙa tana zuwa da bakinta a manne sau biyu. In ka ɗaga tarhon shagonmu, kafin ka ji ƙarar layi sai ka ji wani ɗan ƙas, kamar an taka busasshen kara. Madam ta ce ruwa ne ya shiga waya. Ko da rani ma haka take cewa.

Yayana gandiroba ne. Gidansa na uku daga namu. Mutum ne da za ka yi wuni da shi bai yi maka jimla goma ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubanmu, kuma har na yi jika bai daina ce min Auta ba. A shekarun nan aka mai da shi ɓangaren gidan yarin da ake ajiye waɗanda aka kawo ba takarda, waɗanda sunansu ba ya cikin littafin ƙofa. Ban san ranar da ya yanke shawara ba. Na dai san wata Juma'a bayan masallaci ya shigo gaishe ni, ya cire hularsa ya zaro wata 'yar takarda a naɗe kamar laya, ya ajiye min a kan tabarma.

"Kin ce wani lauya yana zuwa shagonku."

"Yana zuwa."

"To."

Da ajami ya rubuta. Sunayen mutum shida ne, da ranar da aka kawo kowanne, da halin da yake ciki. Masu binciken ƙofa in sun ga irin wannan a hular Bahaushe, addu'a suke ɗauka.

Lauyan dattijo ne, Bayarabe, mai tafiya da sanda. Kowace Litinin yakan zo kamar mai kawo takardun kotu a buga masa. Sai Madam ta sa sakata, ni in karanta ajamin in juya shi Yarbanci, shi ya juya Turanci, ita ta kulle saƙon ta tura ta layin tarho zuwa ga wasu mutane a ƙasar waje. Su aikinsu su yi ta kiran sunan wanda aka kama a rediyo da jarida, don wanda duniya ke kiran sunansa ba a cika kashe shi a ɓoye ba.

Abin da ake kulle saƙon da shi wani kundin umarni ne da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta. Ba na kowa ba ne. A buɗe yake, duk mai so ya karanta, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke ya aika musu, in sun gamsu su saka a ciki. Suna da wani zaure na wasiƙu inda suke muhawara, duk abin da ɗaya ya rubuta kowa zai samu. Madam gutsure-gutsure ta samo kundin, ta tara a faifai bakwai. Ranar da na fara ganin ta ba tafinta shi, gargaɗi ya yi ta hawa kan gilashi kamar jerin tururuwa, har na farko suka ɓace sama.

"Wannan fa?" na ce.

"Surutu ne. Injinmu ne tsoho, su da sabo suke aiki. Tunda bai tsaya ba, ya yi."

"An ce miki hattara sau sittin, kin ce surutu ne."

"Iya Sabo, bar shi."

"Wuyan yayana ne a ciki, ba naki ba."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Da wata ce, da ta kore ni a ranar. Ita sai ta kwafe kundin ta zuba min a ƙaramar kwamfutar, ta ce in yi ta fama, in na gyara su duka za ta haɗa faci ta aika wa masu shi, su san a Ibadan ma akwai masu ido. Faci shi ne takardar da ke nuna layin da aka cire da wanda aka saka, kamar yadda tela zai nuna maka inda ya farke da inda ya mayar.

Na sayi littafin rubutu mai bangon ja, na kwafe gargaɗin ɗaya bayan ɗaya da lambar layinsa. Yawancinsu ƙananan abubuwa ne. Wani wuri an raɗa wa abu suna ba a ba shi aiki ba. Wani wuri ana juye babban lissafi a ƙaramin ma'auni, kamar mai zuba mudu a gwangwanin madara, tafinta yana tsoron zai zube. Wani wuri an kira aiki tun kafin a gabatar da shi. Duk wanda na gyara sai in ja masa layi da jan biro. Goma na farko Madam ta duba su harafi-harafi, ta kama ni a biyu. Goma na biyu ba ta kama ni a ko ɗaya ba. Daga nan ta daina dubawa.

"Hannunki ya faɗa," ta ce. "Ni ina da takardun mutane."

Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata. Macen da aka yi wa dariya don ta riƙe fensir da furfura, in aka ce mata hannunta ya faɗa, sai ta manta akwai abin da ba ta sani ba.

Wata biyu na yi, har ya rage saura gargaɗi ɗaya. Tafinta cewa yake a layi kaza ana ɗiba daga wani wuri da ba a zuba komai a cikinsa ba, abin da ke ciki ragowar tarkace ne na aikin da injin ya yi a baya. Na karanta layin ya fi sau ashirin. Abin da na gani shi ne mutum yana ɗibar miya da ludayin da ba a wanke ba. Babu wani bayani a samansa. Na ce wannan mantuwa ce, na goge shi.

Ƙasa kaɗan sai ga wani layi, kamarsu ɗaya sak, kalma guda ce ta raba su. A kan wannan tafinta bai ce komai ba. Na tsaya ina kallonsa. A gidanmu in ka ga ƙwaro a wake ɗaya, na kusa da shi ma ba ka mayar da shi tukunya. Na ce ɗan'uwansa ne, yau bai yi magana ba gobe zai yi. Na goge shi shi ma. Madam tana can tana faɗa da wani a kan rubutun sunansa, ban kira ta ba.

Na ba tafinta kundin. Ya yi aikinsa daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba, gilashi fes. Na kulle wani saƙon gwaji, na duba shi ya zama shirme kamar kullum, na buɗe ya dawo daidai. Na sake, ya sake dawowa daidai. Madam ta zo ta tsaya a bayana, ta dafa kafaɗata.

"O ga o," ta ce da Yarbanci, wato abin mamaki. "Ko a makarantar da na baro ban ga wanda ya yi wannan haƙurin ba."

A ranar ta haɗa facin ta aika zauren da adireshin shagon. Kuma tunda nawa ya fi tsabta, ta cire tsohon daga babbar kwamfutar ta saka shi.

Litinin uku muka yi aiki da shi. A ta biyu takardar Yaya ta zo da labarin wani da aka fitar da safe aka dawo da shi ba ya iya tsayuwa. Lauya ya ce mutanen waje suna so su tabbatar ganau ne ya faɗa ba jiyau ba, don haka zai ƙara bayani: mai ba da labarin ma'aikacin ɓangaren ne, yana aikin safe, da rubutun Hausawa na Larabci yake fito da shi.

"Baba, cire wannan," na ce. "Bahaushe ɗaya ne a ɓangaren nan."

"Ban sa suna ba, 'yata."

"Ka sa hula, ka sa fuska, suna me zai ƙara?"

Ya yi dariya ya nuna kwamfutar da sandarsa. "Ba ke kika gyara kwaɗon ba? Ko ba ki yarda da aikinki ba ne?"

Na yarda da aikina. Aka tura.

Mutanen zauren ba albashi ake biyansu ba, kowa sai ya gama nasa yake duba na jama'a, shi ya sa amsa ta yi sati uku ba ta zo ba. Kullum da azahar Madam takan haɗa layi ta kwaso wasiƙu. Wata Talata ina buga wa wani takardar sayar da fili, na ji ƙarar haɗuwar layin ta gama, sannan ban ji motsin Madam ba. Da na waiga tana zaune hannunta biyu a cinya. Ta bari mai filin ya karɓi takardarsa ya fita, ta tashi ta sa sakata.

"Zo ki karanta."

Turancina na karatu ne, a hankali nake binsa da yatsa. Wani ne daga cikin masu kula da kundin. Ya yi godiya, ya ce aikin mai kyau ne, sun karɓi gyaran duka ban da guda. Sannan ya yi bayani. Kowane saƙo da sabon mabuɗi ake kulle shi. Don kada wani ya iya cankar mabuɗin, injin yana da wuri kamar tukunya da yake zuba abubuwan da ba mai iya sani: tazarar da ke tsakanin bugun yatsa da bugun yatsa, motsin faifai, da tarkacen nan da na gani, ya gauraya, daga nan yake ciro mabuɗi. Layin farko da na goge tarkacen kawai yake zubawa, da gangan aka sa shi, amma ko babu shi ba a yi asara ba. Layi na biyu shi ne bakin tukunyar. Ta nan duk sauran suke shiga. Da na goge shi, ba abin da ya rage a ciki sai agogo. Duk wanda ya riƙe saƙon, ya kuma san ranar da aka tura shi, zai iya gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya da kwamfuta irin tamu ya dace kafin la'asar. A ƙarshe ya ce yana fatan ba mu yi amfani da shi a kan wani abu mai muhimmanci ba.

A zauren ya rubuta, ba mu kaɗai ya aiko wa ba. Adireshin shagonmu yana sama, kowa na gani.

"Amma yana kullewa," na ce. "Na gwada. Ke ma kin gani."

"Yana kullewa. Mabuɗin ne kowa zai iya yankawa."

"Masu sauraron layin nan, sun iya wannan?"

Wannan karon ba ta ce ruwa ne ya shiga waya ba. "Sojan da ke bakin shinge bai iya ba," ta ce. "Amma suna da yara masu karatu. Wasunsu ni na koya musu."

"To sun buɗe ko ba su buɗe ba?"

"Ba yadda za a yi mu sani. Saƙon da aka buɗe ba ya dawowa da bakinsa a yage." Ta cire tabarau ta murza ido. "Laifina ne, da na duba."

"Hannuna ne ya goge. Kada ki raba ni da abina."

Na ɗauki mayafina. Daga Mokola zuwa Sabo ba nisa, amma ranar ban hau okada ba, wato acaɓa, ina so in samu abin da zan faɗa kafin in isa. Har na wuce masu canji da masu suya ban samu ba.

Na tarar da Yaya a tsakar gida yana gugar kakinsa da dutsen guga na gawayi. Matarsa tana tankaɗe. Na ce mata ta ba mu wuri, ta kalle ni ta kalle shi, ta kwashe rariyarta ta shiga ɗaki. Na durƙusa a gabansa, abin da rabona da yi tun ina budurwa.

"Yaya, kwaɗon da muke sa wa wasiƙun nan, na lalata shi. Garin gyara. Sati uku ke nan muna turawa kamar a buɗe."

Bai ajiye dutsen ba. Ya gama hannun rigar da yake kai, ya juya ta.

"Sunana yana ciki?"

"Babu. Amma an ce Bahaushe, an ce aikin safe, an ce ajami."

"Wa ya ce a sa?"

"Lauya. Na hana, sannan na bari."

"Sun karanta?"

"Ban sani ba. Ba mai iya sani."

Ya hura gawayin. "To ai ba labari kika kawo ba, Auta. Tsoro kika kawo."

"Ka tafi gida. Ka ce rasuwa aka yi."

"In na tafi na amsa laifi ke nan. Saura shekara biyu in ajiye kakin nan da hannuna. Mutum bai ga kura ba ya hau bishiya?"

"In ka ganta ai ka makara."

"Tashi, kina ɓata zanenki."

Na gaya wa Malam da yamma. Bai yi min faɗa ba, na kuwa so ya yi. Ya ce zai sa a yi sauka, ya kuma je ya sami Yaya bayan sallar asuba. Ya dawo ya ce mutumin nan dutse ne, ya riga ya ɗaura bel ya tafi aiki.

Larabar nan ban buga takarda ko ɗaya daidai ba. Madam ta mayar da tsohon kundin, ta aika wa lauya kada ya zo Litinin, ta ƙona takardun ajamin da muke ajiyewa a gwangwanin biskit. Duk motar da ta rage gudu a gaban shagon sai mu daina magana. Da na dawo unguwa na ga wata farar mota a kusa da masallaci, mutum biyu a ciki suna cin gyaɗa. Watakila direbobi ne suna jiran maigidansu. A Sabo baƙuwar mota ba abin kallo ba ce, kullum ana zuwa canji. Na wuce su sau biyu, ban iya tuna ko na taɓa ganinsu ba.

Yaya da kansa ya shigo gidana bayan la'asar, ko kaki bai cire ba. Bai zauna ba.

"Yau an cire ni daga ciki, an sa ni ƙofar waje."

"Sun faɗi dalili?"

"Ba a faɗar dalili. Ana yin haka, wani lokaci." Ya juya hularsa a hannu. "Ogan ya gan ni da ɗan littafin wuridina. Ya karɓa ya buɗe, ya ce wannan rubutun naku na dama zuwa hagu, addu'a kawai ake yi da shi, ko ana iya rubuta wasiƙa? Yana dariya ya tambaya."

"Me ka ce?"

"Na ce addu'a ce, ranka ya daɗe. Ya ba ni abina." Ya mayar da hularsa kai. "Shekara tara ina ƙarƙashinsa, bai taɓa tambayata ko me nake ci ba."

"Yaya."

"Na ji. Ki gaya wa Malam ya nemo min mota. Ba ta tasha ba."

Malam yana da wani almuhibbinsa direban babbar mota, mai kawo albasa kasuwar Shasha ya koma arewa wayam. Da hantsin Alhamis muka same shi a gefen titi bayan Ojoo, inda manyan motoci ke tsayawa shan mai. Yaya ya sa tsohuwar riga da hula, jaka ɗaya a hannunsa, sai ya zama kamar kowane ɗan ci-rani. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba, kakin ne ke miƙar da shi. Na kawo masa dambun nama a leda. Ya karɓa bai duba ba.

"In ba komai, sati biyu zan dawo," ya ce.

"Ka yafe min."

"Gyara kika je yi." Ya sa ƙafa a kan taya ya tsaya. "Abin da nake so in sani, shi injin ne ya ce ki goge?"

"Na farko ya yi magana a kai. Na biyun ni na ga dama."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin kaya, ya hau.

Ranar Asabar suka zo. Ina gidansa ina taya matarsa tsefe kan 'yarta, muka ji sallama da Hausar da ba ta zauna a baki ba. Mutum biyu ne cikin kayan gida, ɗaya da littafi a hannu. Ban iya cewa ko su ne na cikin motar ba. Suka ce maigidan suke nema. Matarsa ta ce an yi masa rasuwa, ya tafi gida. Wane gari? Ta faɗi wani da ba namu ba. Yaushe zai dawo? Bayan addu'ar bakwai. Suka nemi ruwa, aka ba su, suka sha a tsaye. Mai littafin ya leƙa ɗaki daga bakin ƙofa, ya kalli kakin da ke rataye a ƙusa, sannan ya juyo kaina.

"Ke fa, Hajiya?"

"Ƙanwarsa ce."

"Aikin me kike yi?"

Ƙarya ta zo min har baki, in ce ƙosai nake sayarwa. Amma duk layin sun san inda nake zuwa kowace safiya, yaro ma zai nuna musu.

"Takardu nake bugawa a Mokola."

"Da tafireta?"

"Da abin da aka ba ni."

Ya rubuta wani abu, gajere. Suka yi godiyar ruwa suka fita. Na bi su da ido har kwanar masu goro. Ba su ce daga wurin aikinsa suke ba, ba su ce daga wani wurin ba. Gandiroban da ya yi kwana biyu bai zo aiki ba dole a aiko nemansa, wannan gaskiya ne. Kuma waɗanda ake aikowa daga wurin aiki da kaki suke zuwa, su kira shi da lambarsa, wannan ma gaskiya ne. Na juya abin nan a raina shekara da shekaru, bai taɓa faɗawa gefe ɗaya ya zauna ba.

Litinin na koma shago, don rashin zuwa ma magana ce. Na buɗe kundin na mayar da layi biyun inda suke. Na rubuta bayani a samansu da Turancina mai ɗingishi, cewa wannan gargaɗin an san da shi, kada wanda ya taɓa, ga dalili. Madam ta duba harafi-harafi ta aika. Suka karɓa, da 'yar godiya ta layi ɗaya. Yanzu in an ba tafinta kundin, gargaɗi ɗaya yake bayarwa, ni kuma in bar shi. Lauya ya dawo bayan wata guda, amma babu takardar da zan karanta masa. Abin da ke faruwa a ɓangaren nan daga ranar ba wanda ya sake fito da shi.

Mutanen ba su sake zuwa ba, ba gidan ba, ba shagon ba. Sati biyu suka wuce, na aika wa Yaya ta bakin direban cewa an zo sau ɗaya, an sha ruwa an tafi, tun daga nan shiru. Na gaya masa duk yadda aka yi, har da littafin, har da kallon kakin, ban rage ba ban ƙara ba, na ce shi zai auna. Direban ya yi kwana goma sha ɗaya kafin ya sake shigowa Ibadan. Ya zo ƙofar gida ya yi sallama da Malam, ni ina bayan labule.

"Ya ce a gaishe ku. Ya ce matarsa ta haɗa kaya, ita da yara su biyo ni jibi. Ɗakin a mayar wa mai gida."

"Kakin fa?" na tambaya daga ciki.

"Bai ce komai a kansa ba, Hajiya."

"Ni fa, ya ba ka saƙo?"

Direban ya ce akwai.

"Ya ce ki ci gaba da zuwa aikinki."